Madugun Da Ba Ya Bin Ayari

Tafiya neman abinci ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu ke ɗaura wa jakai mangala su nufi Gwanja sayen goro, su kwashe watanni kafin su ga Salaga. Wasu kuwa gabas suke fuskanta a ƙasa, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango suna sana'a, har su isa Makka bayan shekaru. Da yawa ma ba su ƙarasa ba, sun zauna a Sudan, ga zuriyarsu can har gobe a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda ya samo suna daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Abin lura a nan shi ne, kowane ayari yana da madugu, madugu kuwa tare da shi ake tafiya. In rijiyar zango ta ƙafe, da shi za a kwana da ƙishirwa. In mahara suka tare hanya, kayansa ne suka fi na kowa yawa. Don haka ba ya yi wa ayari ƙarya game da hanya, domin a kansa ƙaryar za ta fara ƙarewa.

A yau madugu ya sake suna, ejan ake ce masa. Yana da ofis a bene, da fanka da kwamfuta da hoton Ka'aba a bango, amma iyakar rakiyarsa filin jirgi, wani ma ko nan ba ya zuwa. Ya karɓi kuɗinsa cif tun matafiyi bai ɗaga ƙafa ba. Wannan bambanci ne ya sa na ga ya dace in ba mai karatu labarin yadda muka yi da ƙanina, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Ƙanin nan nawa mai walda ne a Fanteka. Shekara 7 ya yi a hannun ubangidansa kafin a yaye shi, ya kuma shekara 9 da nasa shagon, yana ƙera ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai sana'ar ta koma wahala zalla. Wuta ba ta samuwa, janareta na shan fiye da ribar aikin, ƙarfe kullum sabon farashi, masu gini kuma sun dakata. A can gefe guda ga riyal yana ta hawa, har ya kai kimanin naira 400 a 2024. Kowa a layinsu ya iya wannan lissafi da ka. Wata ranar Juma'a da yamma ya same ni a gida a Badarawa, ya ce, "Yaya, ni fa zan fita. In na ƙara shekara a haka, sai na sayar da injin mun ci tuwo." Jarin tafiyar da ya tsara shi ne injin walda da janareta da kasonsa na gonar gadonmu. Ga mace da 'ya'ya uku, ga Hajiyarmu da ta tsufa. Wato in tafiyar ta ɓaci, ba shi kaɗai ta ɓata wa ba.

Ban hana shi ba, domin malamin makarantar da albashinsa ke ƙarewa kafin ranar 20 ga wata ba shi da bakin cewa wani ya yi haƙuri ya zauna. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, cewa ba za a ba kowa ko sisi ba sai mun zauna da shi tare, mun yi masa tambaya uku. Wace irin biza ce? Sunan wa za a rubuta a matsayin mai ba da aiki, kuma wace sana'a? In abu ya lalace, ina za mu same ka?

Na farko da muka gani, a teburin mai shayi muka haɗu da shi kusa da tashar Kawo. Shi hanyar ƙasa yake da ita, daga Kano zuwa Damagaram, zuwa Agadas, sai Sabha a Libiya, inda ya ce masu walda kamar zinari suke. Kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi, kuma ya bugi ƙirji da cewa yanzu hanya a buɗe take. Ta wani ɓangaren gaskiya ya faɗa, domin dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta hana safarar baƙin haure, gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamban 2023. Amma soke dokar Nijar ba ya ba kowa izinin aiki a Libiya, ba ya kuma zuba ruwa a Sahara. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. A 2017 kuma duniya ta ga hoton yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya. Da na zo tambaya ta uku sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai Allah ke tsarewa." Na ce haka ne, muka biya kuɗin shayi muka tashi.

Na biyu shi ne mai haɗari, domin shi ne ya fi kama da mutumin kirki. Babbar riga, carbi, ofis mai sanyi a tsakiyar gari. Ya ce abu ne mai sauƙi, za a yi wa yaro bizar Umra, in ya gama ɗawafi sai ya sulale, akwai mutanensa a Jidda da za su karɓe shi. Wannan ita ce tsohuwar hanyar takari, kuma ba zan ɓoye ba, akwai gidaje a Unguwar Sanusi da Rigasa da aka gina da kuɗinta. Sai dai Saudiyyar da iyayenmu suka sani ba ita ce ta yau ba. Bizar Umra ta ibada ce, ba ta halatta aiki ko na yini ɗaya, kuma ko da aka ƙara wa'adinta zuwa kwana 90 a 2022, ranar da ya cika mutum ya zama mai laifi. Tun a filin jirgi ake ɗaukar hoton yatsu. Ba igama, ba asusun banki, ba layin waya da sunanka, ba asibiti cikin kwanciyar hankali. Wanda ka yi wa aiki in ya ga dama ya hana ka haƙƙinka, don ya san ba ka da ƙafar zuwa ƙara. Bayan afuwar da aka yi wa marasa takardu a 2013 da 2017, kame ne ya biyo baya, kuma hukuncin zarce wa'adi yana iya kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata 6, sannan a wuce da mutum gidan tarhil na Shumaisi a jira jirgi.

Da ya ga mun yi jim, sai ya fito da wata hajar, wai ita firi biza. Za a sayi biza a hannun wani Balarabe, ya zama kafili a takarda kawai, mutum ya yi aikinsa inda ya so, yana ba shi wani abu duk wata. A dokar ƙasar babu biza mai wannan suna. Yi wa wanda ba kafilinka ba aiki laifi ne, kuma ranar da kuka saɓa, ko ya ƙi sabunta igamar, ko ya kai rahoton ka gudu, shi ke nan ka koma sahun mai bizar Umra, bayan ka biya ninkin kuɗinsa. Na tambaye shi lasisinsa, ya nuna mini takardar rajistar kamfani da ta shirya aikin Hajji da Umra. Ka ga kuwa wannan dabam, izinin ɗaukar ma'aikata dabam. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce duk mai ɗiban 'yan ƙasa zuwa aiki a waje sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mai sayar da tikiti ba shi ne mai ba da aiki ba.

Na uku bai burge ƙanina ba ko kaɗan. Bai yi alkawarin komai ba sai jira. Ya ce wani kamfanin gine-gine a Dammam yana neman masu walda, amma sai an kawo fasfo, da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, da sakamakon gwajin lafiya, sannan a jira kwantiragi. Albashin da ya ambata bai kai rabin abin da mai babbar riga ya zayyana ba. Na ɗauki lambar lasisinsa na je ofishin ma'aikatar na nan Kaduna, aka tabbatar mini da ita. Na ce ya haɗa mu da iyalan mutum biyu da ya tura, ya ba mu kwatance ba tare da ɓata rai ba, muka je Malali da Hayin Banki muka ji daga bakinsu. Ƙanina ya yi shekara 16 yana riƙe da wutar walda ba shi da ko ƙyallen takarda da ke shaidar haka, sai da wannan tafiya ta tilasta masa zuwa gwaji, ya yi ɗinkin ƙarfe a gaban mai dubawa kamar ɗan koyo.

Da kwantiragin ya iso, rabi Larabci rabi Turanci, sai na kai wa abokin aikina mai koyar da Larabci a makarantarmu. Shi ya nuna mini cewa a gurbin sana'a an rubuta lebura, ba mai walda ba. Ejan ya ce ai duk ɗaya ne, in an je can za a gyara. Ni kuwa na ce ba ɗaya ba ne. A wannan ƙasa, abin da aka rubuta a igamarka shi ne kai. Alal misali, sassaucin da aka yi wa tsarin kafili a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara guda da kuma neman bizar fita da kansa, bai shafi 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Mai sana'ar da ya yarda aka sa masa ɗaya daga waɗannan sunaye don a gaggauta tafiya, ya fitar da kansa daga inuwar dokar tun yana gida. Sunan lebura bai kai nan muni ba, amma zai ba kamfani hujjar biyansa kuɗin lebura da ɗora masa buhun siminti. Gyaran kalma ɗaya ya ci mana wata biyu.

A waɗannan watanni ne muka sha zafi. Wani abokinsa da suka fara maganar tare ya bi ta Umra, har ya turo hotonsa a gaban Harami. Ƙanina ya daina zuwa gidana. Hajiya ta kira ni ta ce, "Kai babba ne, amma kada ka tsare wa ɗan'uwanka arziki." Na ce, "Hajiya, ki yi mana addu'a, gonar Baba nake tsarewa." Domin a dokar ƙwadagon Saudiyya, kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da na tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi duk a wuyan mai ba da aiki suke. Da muka nuna wa ejan mun san haka, kuɗin da ya nema ya sauko, muka kuma biya shi kashi-kashi ta banki, kowane kashi da rasit, na ƙarshe sai da biza ta fito. Janareta kaɗai aka sayar. Injin walda na hannun yaronsa, gona na nan ana noma ta.

Ya tafi a ƙarshen 2024. Ba zan ce aljanna ya tarar ba. Zafi ne mai tsanani, mutum shida a ɗaki, shugaban aikinsu kuma ba ya jin yarensa. An so riƙe masa fasfo, ya ce dokar ƙasar ta hana, aka ba shi abinsa. Kuɗin da yake aikowa ba su sa mun sauya unguwa ba, amma yara na makaranta, kuma in ya kira waya ba ya magana ƙasa-ƙasa. Abokin nan nasa kuwa ya fi shi samu a watannin farko. Sai dai mahaifinsa ya rasu yana can, ya kasa zuwa, domin wanda ya zarce wa'adi in ya fito ba shi da hanyar komawa. Har yanzu yana ɓuya, in ya ga motar askarawa sai ya sauya lungu.

Duk shekara ina sallamar ɗalibai daga aji shida, da yawansu kuma Fanteka da Kasuwar Barci da garejin kanikawa za su nufa, daga can kuma su fara jin kiran riyal da dinari. Abin da nake gaya musu shi nake gaya wa mai karatu. Tunda madugun zamani ba ya bin ayari, to a nemi abin da zai bi matafiyi a madadinsa, wato biza mai sunan aiki, da kwantiragi mai sunan sana'a, da ejan mai lasisi wanda za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa bayan shekara. Duk wanda ya ce a yi sauri kujera ɗaya ta rage, ko a biya shi a hannu ba rasit, ko in an je can za a gyara, a bar masa kujerarsa. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa, kuma tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Allah Ya tsare matafiyanmu a inda suke, Ya dawo da su gida lafiya, Ya kuma gyara mana ƙasarmu yadda mai sana'a zai ci guminsa a ƙofar gidansu, amin.