Injin da Ya Tona Mana Asiri



Duk wadda ta leƙo ajinmu ranar baje kolin kimiyya ta ji ƙarar da cokali ya yi a jikin murfin tukunya, ta kuma ga yadda mu shida muka yi ta tsalle kamar an ce an ba da hutu. Abin da ba ku gani ba shi ne makonni ukun da suka gabaci wannan ƙara, da yadda saura ƙiris mu rasa ƙawarmu a kan kwalin ashana. Labarin da muka kawo muku ke nan.

A farkon wannan zango malamar kimiyya ta raba ajinmu rukuni bakwai. Ta ce kowane rukuni zai haɗa inji wanda abu ɗaya zai ture na biyu, na biyu ya motsa na uku, a yi ta tafiya haka har ƙarshe. Sharuɗɗanta uku ne. Kada matakan su gaza 8. Sau ɗaya tak za a taɓa injin da hannu, wato a farko. Sannan a ƙarshe ya yi ƙarar da ta bayan aji za ta ji. Maki 20 ne a kai, kuma sau uku kawai za a bar kowane rukuni ya gwada a gaban jama'a.

Ta gaya mana cewa a ƙasashe da yawa ana kiran irin wannan inji da sunan Rube Goldberg, wani mai zanen barkwanci ɗan Amurka da aka haifa a 1883, ya rasu a 1970. Injiniyanci ya karanta, amma ya yi suna ne da zana injina masu ɗimbin sassa waɗanda aikinsu bai taka kara ya karya ba, kamar goge wa mutum baki bayan ya sha miya. Muka yi dariya. Shi don raha ya yi, mu kuma don maki.

Da aka ce 8, mu sai muka ce 10 za mu yi, don a san da mu. Ga yadda muka tsara a bayan littafin rubutu. Za a zare tsinke, ƙwallon boris ya gangaro ta cikin tiyon da muka tsaga gida biyu. Zai bugi kwalin ashana na farko, kwalayen su bi juna suna faɗuwa har su ture ƙaramin ƙamus. Ƙamus zai danne bakin rular da muka ɗora a kan fensir kamar sikeli, ɗaya bakin ya ɗaga ya zunguri motar gwangwani. Mota za ta sauka a kan katako ta taka tarkon ɓera. Tarko zai fizge zaren da ya toshe mazurari, rairayi ya zuba cikin gwangwanin madara. Idan gwangwanin ya yi nauyi zai sauko, zarensa da ke bi ta kan kwarkwaro ya saki cokali, cokali ya daki murfin tukunya.

Ko kwabo ba mu kashe ba sai na salatif. Ƙwallon boris yayan ɗayarmu ne ya karɓo a wajen bakanike. Kwarkwaro daga shagon tela, mazurari da murfin tukunya daga kicin, da alkawarin za mu mayar. Ƙaramar cikinmu, wadda ba ta cika magana ba, ita aka ba aikin kwalaye. Ta bi maƙwabta gida-gida da wajen mai shayin layinsu ta tara kwalin ashana 12, da na sabulu, da na sukari. Ta cika kowanne da rairayi taf, ta naɗe da salatif. Tiyo da ƙwallo kuwa mutum biyu ne suka ɗauka, har da mai wannan rubutu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kowacce ta yi nata a gida, kuma kowacce ta zo tana rantsuwa nata yana aiki. Gaskiya ne kuma. Idan ka tura mota da hannu tana taka tarko. Idan ka ja zare rairayi yana zuba. Amma da muka jera su a kan benci biyu bayan an tashi, muka zare tsinke, sai ƙwallo ya gangaro, ya taɓa kwalin farko, shi ke nan. Shiru. Muka sake. Wannan karon kwalaye suka faɗi, amma rairayi ya ƙi fita. Muka sake, ya kuma tsayawa a kwalaye. Aka shafe kwana huɗu a haka, ga 'yan rukuni na biyu a gefe murfinsu sai ƙara yake yi.

Ranar Talata ranmu ya ɓaci. Tunda a wajen kwalaye aka fi tsayawa, sai muka juya kan mai kwalaye. Wata ta ce ta cika musu nauyi. Wata ta ce a karkace ta jera su. Wata ta ce, "Ke dai ba ki iya ba, za ki ja mana asarar maki 20." Ta buɗe baki a hankali ta ce, "Ku dubi inda ƙwallon yake bugu." Ba wadda ta saurare ta, don dukkanmu magana muke yi. Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar kwalayen a kan benci. Ranar Laraba ta zo makaranta, amma da aka tashi ba ta tsaya ba. Ko lokacin tara ba ta zauna tare da mu ba.

Mu kuwa muka kwashe kwalayenta muka ajiye gefe, muka saita ƙwallo ya daki ƙamus kai tsaye. Ƙamus ko gezau. Sau goma muna gwadawa bai motsa ba.

Ranar Alhamis Malama ta shigo ta same mu jugum-jugum. Ta ƙirga mu ta ga biyar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce mu mayar da kwalayen, mu ja layi a takarda, mu gwada sau 20, kuma duk gwaji mu rubuta matakin da ya tsaya. Ta ce, "A kimiyya ba a cewa 'ina jin'. Ana cewa 'na ƙirga'."

Muka ƙirga. Sau 3 ya kai ƙarshe. Sau 2 mota ta kauce wa tarko. Sau 4 rairayi ya toshe. Sau 11 ya tsaya a kwalaye. Muka ce, "Malama, kin gani ko? Dama mun faɗa." Sai ta ce wata ta cire ƙwallo ta ture kwalin farko da yatsa. Aka ture. Suka bi juna tiryan-tiryan har ƙamus. Aka sake jerawa aka ture, har sau goma, ko sau ɗaya ba su ƙi ba.

Malama ta ce, "To, idan kwalayen suna aiki da yatsa amma ba sa aiki da ƙwallo, laifin wa?"

Ba wadda ta ɗaga kai, musamman mu masu tiyo.

A nan ne darasin da muka kwafa a allo ya zama abin da muke gani da ido. Ƙwallon da ke zaune a saman tiyo yana da ajiyayyen ƙarfi saboda yana bisa, kuma ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta. Idan ya fara gangarowa, wannan ajiyayyen ƙarfi yana komawa ƙarfin motsi. Idan ka ninka tsayin inda ya taso, ka ninka ƙarfin da ya ajiye. Mu kuwa littafi uku kacal muka sa a ƙarƙashin tiyo, gangarar ba ta da wani tudu. Na biyu, akwai gogayya. Lokacin hunturu ne, ƙura ta kwanta a cikin tiyon, ga shi ya ɗan lanƙwashe a tsakiya. Duk wannan yana cinye ƙarfin ƙwallo tun a hanya, ya iso a gajiye. Na uku shi ya fi ba mu kunya. Bakin tiyon a kan benci ya kwanta, saboda haka ƙwallo yana bugun kwalin a gindi. Ku gwada tura ƙofa daga kusa da inda aka kafe ta, sannan ku tura daga wajen mariƙi, za ku ji bambanci. Kwali ma haka yake. Idan aka buge shi a gindi sai ya ɗan ja baya ya tsaya, idan aka buge shi a kai sai ya kifa. Abin da ƙawarmu ta faɗa ke nan ranar Talata.

Malama ta tuna mana dokar farko ta Isaac Newton, masanin Ingila da ya wallafa dokokin motsi a 1687: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa sai wani ƙarfi ya motsa shi. Kwalin bai yi laifi ba da ya tsaya. Mu ne ba mu aika masa isasshen ƙarfi a inda ya dace ba. Ta kuma nuna mana dalilin da ƙamus ya ƙi motsi ranar Laraba. Kowane kwali da aka tsayar yana da nasa ajiyayyen ƙarfi, wanda hannun mai jerawa ya ba shi. Ƙarami zai iya ture wanda ya ɗan fi shi, shi ma ya ture wanda ya fi shi. Wani masanin kimiyya a Kanada ya nuna a 1983 cewa kowanne zai iya kifar da wanda ya kai girmansa ɗaya da rabi. Shi ya sa ƙawarmu ta jera na ashana, sai na sabulu, sai na sukari, sannan ƙamus. Ashe sashen da muka raina shi ne yake ƙara wa injin ƙarfi.

Hausawa na cewa an bar jaki ana dukan taiki. Mu muka yi haka, kwana uku cur.

Ranar Juma'a da yamma muka nemi izini a gida, mu biyar muka tafi gidansu. Muka durƙusa muka gaida Ummansu. Ta ce, "Ku ne 'yan injin? Tun Talata yarinyar nan ba ta cin abincin kirki." Wannan magana ta fi bulala zafi. Da ƙawarmu ta fito, shugabar rukuni ta ce, "Don Allah ki yafe mana. Ke ce da gaskiya, tiyon ne." Muka miƙa mata takardar ƙirgar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ku sa kwalin ashana biyu a kwance a ƙarƙashin bakin tiyon." Ba ta ce ta yafe ba a lokacin, amma ranar Litinin ta riga kowa zuwa wajen benci.

Makon ƙarshe gyara muka yi ta yi. Muka mayar da littattafan ƙarƙashin tiyo shida. Muka ɗaure shi a jikin kara don ya miƙe, muna goge cikinsa da tsumma kafin kowane gwaji. Muka tankaɗe rairayi da rariya, don ashe ƙananan tsakuwa ne ke toshe mazurari. Muka manna kara biyu a gefen katako suka zame wa mota hanya. Muka zana wurin kowane abu da alli a kan benci, don kada jeri ya canza.

Malamin lissafi da ya ga takardarmu ya ƙara mana wani abu. Ya ce mu ɗauka kowane mataki yana aiki sau 9 cikin 10, wanda a jarrabawa babban maki ne. Idan matakai 10 ne a jere, sai a ninka 0.9 da kansa har sau goma. Muka buga, ya ba mu kusan 0.35. Wato sau 35 kawai cikin 100 injin zai kai ƙarshe, ko da kowacce ta yi ƙoƙari. Idan kuwa kowane mataki ya koma 19 cikin 20, sai ya tashi zuwa kusan 60 cikin 100. Nan muka gane cewa ƙarin matakai biyun da muka yi don burga kasada ce muka ƙara wa kanmu, kuma "ai yawanci yana yi" bai isa ba idan wasu suna jiran naka.

Ranar baje koli, gwajin farko ya tsaya a tarko, don mun manta ba mu ɗana shi ba. Aji ya fashe da dariya. A da, da tuni mun fara neman wadda za mu ɗora wa. Wannan karon shugabar rukuni ta ce kawai, "Mu duba tun daga farko." Muka bi mataki-mataki, muka ɗana tarko, muka ba ƙaramar cikinmu tsinke ta zare. Ƙwallo ya gangaro, kwalaye suka kwanta, mota ta sauka, tarko ya yi tas, rairayi ya fara zuba. Wannan zubar rairayin ba ta wuce daƙiƙa biyar ba, amma ji muka yi kamar darasi biyu a jere. Sai gwangwani ya sauko. Ƙwal!

Na uku muka zo, da maki 16. 'Yan rukuni na biyu ne suka yi na ɗaya, kuma sun cancanta, don matakansu 8 ne kuma sau uku suna gwadawa sau uku yana yi.

'Yan aji ɗaya, baɗi ku ne. Kada ku jira makon ƙarshe kafin ku haɗa sassanku, domin a mahaɗa ake samun matsala. Ku riƙe takarda da biro ku ƙirga. Idan injin ya tsaya, kada ku tsaya a inda ya tsaya, ku koma baya mataki ɗaya ku ga abin da aka miƙo masa. Idan kuma mai ƙaramar murya ta fara magana, ku yi shiru ku ji.

Mun mayar da mazurari da murfin tukunya kamar yadda muka yi alkawari. Kwalayen ashana kuwa Malama ta karɓa ta ajiye a kabad ɗin ofis, ta ce da su za ta koyar da ku.

Wassalam.

Daga 'yan rukuni na huɗu, aji biyu.