Allon Zane a Rumfar Mai Walda

Wata ƙungiyar mata masu sarrafa citta a yankin Kafanchan ce ta aiko mini saƙo ta bakin wani abokina. Suna son ɗan injin da zai riƙa tsaga musu citta, wanda mai walda na gari zai iya haɗawa, in ya lalace kuma ya gyara ba sai an je Kaduna ko Jos ba. Zana kayan ƙira a kwamfuta ita ce sana'ata, amma ba na son zana wa mutum inji ban ga hannun da zai yi aiki da shi ba. Cikin Disamba, hunturu ya kankama, na naɗe laftof da allon zane a bargo, na biya kuɗin kujerar gaba don kada a ɗora musu buhu.

Mun fita daga Kaduna ta Sabon Tasha, muka wuce Kujama da Kasuwan Magani da Kufana. A wani shinge jami'in tsaro ya sa na kwance bargon, ya juya allon gaba da baya, ya tambaya ko talabijin ce. Na ce masa na zane ne. Ya ce to in zana shi. Direba ya yi dariya, aka ɗaga mana hannu.

Daga Kachia hanci ke fara gaya wa matafiyi inda ya shigo. Citta ce shanye a kan duwatsu da tamfol da gefen kwalta, ƙamshinta na bin iska har cikin mota. Wannan yanki, Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, shi ne gidan cittar Najeriya, wadda ake kaiwa ƙasashen waje a bushe. Hirar fasinjoji duk ta koma kan cutar da ta afka wa gonaki a daminar 2023, wadda ta ruɓar da citta tun tana cikin ƙasa, har iri ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iya taɓa shi. Wani dattijo a bayana ya ce shi ya koma masara sai abin da hali ya yi. Muka ratsa Zonkwa da Madakiya, kusa da inda ruwan Matsirga ke zubowa, muka shiga Kafanchan da la'asar, duwatsun Kagoro na leƙowa ta cikin hazo.

Jirgin ƙasa ne ya raya garin nan. A shekarun 1920 layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta nan zuwa Kaduna, aka kuma cire reshe zuwa Jos saboda kuza, Kafanchan ta zama mahaɗa. Yau tashar shiru take, amma gari bai rasa masu taɓa ƙarfe ba. Wanda aka kai ni wurinsa washegari dattijo ne mai furfura, rumfarsa cike da ƙofofi da injinan niƙa da suka zo gyara, yaran shago na kiransa Oga. Ni Baba na kira shi, shi kuma ya laƙaba mini Injiniya tun kafin in zauna.

Allon nan gilashi ne mai faɗin inci 13 da ake jona shi da kwamfuta, ya nuna abin da ke cikinta, a yi zane a kansa kai tsaye. Alƙalaminsa ba ya cin batir, daga allon yake samun ƙarfinsa ta hanyar maganaɗisu. In ka danna layi ya yi kauri, in ka sassauta ya sirance. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya yi suna da irinsa, daga baya Huion da XP-Pen suka shigo da masu sauƙin kuɗi. Masu zanen hoto sun fi kowa amfani da shi, mu masu zanen inji kuwa har yau ana gardama a tsakaninmu ko yana da wani amfani da ya wuce ado.

Rumfar walda ba wurin gilashi ba ce. A rana ba a ganin komai a kansa, sai da muka ja benci zuwa ƙuryar ciki. Baba ya sa yaro ya dakata da gurza ƙarfe, domin garin ƙarfen na sauka ko'ina, ƙwaya ɗaya kuma ta shiga ƙarƙashin bakin alƙalami ta isa ta karce allon. Janaretan da ke ɗauke da injin walda ban yarda na jona komai da shi ba, batirin laftof ne ya riƙe mu.

Na buɗe siffar farko ta injin, na juya ta sama da ƙasa. Baba ya kalla bai ce uffan ba. Can ya miƙo hannu.

"Injiniya, ba ni biron nan."

Ya riƙe shi yadda yake riƙe alli in zai shata ƙarfe, ya ja layi a ƙasan akwatin wuƙaƙen. "Nan boris zai zauna, ko? Ruwan citta zai gangaro masa. Kafin kaka ta ƙare ya ci tsatsa. Fitar da shi waje, ka sa masa rufi." Ya sake jan wani. "Wannan kaurin ƙarfen ba ka samunsa a garin nan. Ga wanda muke da shi." Ya tura yaro ya ɗauko guntu, muka auna.

Wannan ne abin da linzamin kwamfuta bai taɓa yi mini ba. Na sha nuna wa maƙera zane a laftof, su gyaɗa kai don kunya, in an zo haɗawa kowa ya yi abin da ya ga dama. Mutumin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba ba zai karɓi linzami daga hannunka ba, amma alƙalami ya san shi.

Da hantsi shugabar matan ta iso da kwano cike da ɗanyar citta da wuƙarta. Ta tsaga guda a gabanmu, ta tsawonta, gida biyu, cikin ƙiftawar ido. Ta ce masu saye tsagaggiya suke nema, in inji ya yayyanka ta ƙanana ko ya farfasa ta, farashi ya faɗi. Citta kuma ba dankali ba ce, 'yan yatsu gare ta, kowace da inda ta nufa.

"Mama, a zaune kuke aikin ko a tsaye?"

"Ɗana, wa zai wuni a tsaye? A kan kujera 'yar tsugunne muke."

Ta karɓi alƙalamin da ɗari-ɗari, ta ɗiga alama daidai inda take son bakin zubawar ya tsaya. Ƙafafun injin suka ragu sosai a nan take.

Da dare a masauki na mayar da waɗannan layukan zuwa awo a FreeCAD, manhajar da take kyauta kuma ba ta neman intanet. A nan alƙalami ya koma gefe. Zanen ƙira lissafi ne: rami milimita 20, tazara milimita 45, kowace lamba sai an buga ta, juya siffa kuma ya fi sauƙi da linzami. Duk wanda aikinsa ke nan kullum, in ya tambaye ni, zan ce ya riƙe kuɗinsa ya ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi. Allon na wanda zai zauna da maƙeri ne ko mai kaya su yi ja-in-ja a kan siffa.

Ƙaramin yaron shagon ya ba ni mamaki. Ya iya adana fayil da buɗe shi, ya ce a gari ya koya. Ba abin mamaki ba ne ƙwarai a Kafanchan, inda gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko, wadda aka kafa a 1996, ta daɗe tana koya wa matasa kwamfuta. Na zuba masa manhajar a filashi, ya ce zai gwada ta a laftof ɗin yayarsa.

Baba dai ya ce shi ba zai yi walda yana leƙen gilashi ba. Muka je wani shagon buga takardu kusa da kasuwa, aka fitar da kowane sashe daidai girmansa, muka haɗa takardun da salatif. Ya manna su a kan farantin ƙarfe, ya bi layin da ƙusa yana huda alama.

Na komo ta Kwoi, ƙasar Ham, inda ƙauyen Nok yake, wanda masu haƙar kuza suka tono gumakan yumɓu a cikinsa a 1928. Ban tsaya ba, direba na sauri ya bar hanyar Kachia kafin magariba. Muna kusa da Kujama Baba ya bugo waya: ya sami sifirin na mota da zai yi wuƙaƙen da shi, yana tambaya ko ya ci gaba. Na ce ya dakata, abin da za a ci ne, gara in nemo masa ƙarfe marar tsatsa a kasuwar Panteka ta Kaduna in ba direba ya kai masa ranar Asabar.