Ranar da na ga inda ake yin doka a Yamai

ƴan'uwana mata, tun da na faɗi a taron asusu cewa na taɓa shiga Majalisar Dokoki ta ƙasa, kuka hana ni sakat da tambaya. To ga labarin.

A 2022 ne. Daga El Alasan Mairerai munka nufi Mayahi, munka kwana Maraɗi, da asuba munka shiga kar. Konni, Dogon Dutsi, Doso, tafiyar sama da kilomita 600. Ƙafafuna har sunka kumbura.

Ginin yana tsakiyar birnin Yamai, gabansa babban fili. Anka hau da mu wurin zaman baƙi, muna kallon depite daga sama. Kujeru 171 doka ta tanada, biyar daga ciki na ƴan Nijar mazauna waje. Da Faransanci ake magana, sai mai rakiyarmu yake fassara mana a hankali.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, ba a wannan babban zaure doka ke farawa ba. Ko gwamnati ta kawo daftari, ko depite ya kawo nashi, sai an miƙa shi ga kwamiti tukuna. Can ake kiran minista a yi mishi tambayoyi, a bi rubutun layi-layi, a cire, a ƙara. Bayan nan a kawo zaure, a yi gardama, a ɗaga hannu a ƙirga. In ya wuce, shugaban ƙasa ya sa hannu, a buga a jaridar gwamnati. Na ce ashe yadda mukan zauna mu tsara dokar asusu ne, nawa za a zuba, nawa ne tarar wadda ta makara. Bambancin, tasu tana hawa kan kowa, har wanda bai san an yi ta ba. Kuɗin likita da na lakkol ma nan ake raba su, a zaman kasafi na ƙarshen shekara.

Na yi ta ƙirga masu ɗankwali. Ba kyauta anka ba su kujerun ba. Ran 13 ga Mayu 1991 mata sunka yi jerin gwano a Yamai don a sa su cikin shirin babban taron ƙasa, shi ya sa muke bikin ranar. Duk da haka a zaɓen 1999 mace ɗaya tak ta shiga cikin depite 83. Sai anka yi dokar kaso a 2000, ta ba mata kashi 10 cikin ɗari, zaɓen 2004 ya kawo mata 14. Anka ƙara zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019. Dokar ta shafi har kwanseye na kwamin, irin tamu.

Tun 26 ga Yuli 2023 da sojoji sunka karɓi mulki babu wannan majalisa. A 2025 an kafa majalisar ba da shawara, wadda ba ƙuri'armu ta kai mutanenta ba. Duk ranar da zaɓe ya dawo za a zo neman sunayen mata, kuma ba a rubuta wadda ba ta da takardar haihuwa. A ƙungiyarmu na fara tambaya, da yawa ba su da ita. Kowace shugaba ta zo da sunayen nata a taro mai zuwa, mu tafi ma'aikatar magajin gari tare.