Maƙwabtaka da Kamfanoni: Kwana Biyu Tsakanin Bompai, Sharaɗa da Challawa

A tsakiyar hunturun da ya wuce ƙanwata ta kira ni, muryarta a dushe. Ta ce, "Yaya, wutar gidan nan za ta haɗa ni faɗa da maigidan." Katin naira 10,000 ba ya kai musu kwana huɗu. Shi yana ganin rashin tattalinta ne, ita kuma ta rantse mitar ce ke da matsala. Aurensu bai cika shekara biyu ba, don haka ban ɗauki maganar da wasa ba. Na shirya na taho Kano.

Motar Haɗeja ta sauke ni a 'Yankaba, na tare ɗan adaidaita sahu na ce ya ratsa da ni ta Bompai. Ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, tun zamanin Turawa, lokacin da gyaɗa ke tashe. Har yanzu faffaɗan titunanta da inuwar darbejiya suna nan, da dogayen katangun da ba ka ganin ƙarshensu. Wata ƙofar manyan motoci na shiga suna fita, ta kusa da ita kuwa tsatsa ta cinye kwaɗon, ciyawa ta tsiro a bakinta. Direban ya ce shi ba ya tambaya ko akwai wuta a Bompai, kunne kawai yake kasawa. In ya ji rurin manyan janareta daga bayan katanga, to an ɗauke. In ya ji shiru sai ƙarar injin aiki, an kawo.

Wannan magana tasa ita ce tarihin unguwannin nan uku a taƙaice. Masaƙu da kamfanoni da yawa da suka ciyar da iyayenmu sun rufe, kuma duk mai masana'antar da ka tambaya, wuta ce ta farko a jerin kokensa. Shi ya sa ake ƙoƙarin ware wa wuraren layuka masu ƙarfi. Gidajen da suka yi sa'ar raɓar irin waɗannan layuka sai suka samu wutar da sauran gari ke mafarki.

Gidan ƙanwata na cikinsu. Fulat ne a hawa na biyu na wani bene a gefen Sharaɗa, inda gidajen kwana da kamfanonin roba da na buhu suka cakuɗe har ba ka gane iyakar kowa. Saboda wutar suka kama shi. Mai gidan ya saka hita ta ruwan wanka a banɗaki, ya kuma gindaya sharaɗin ba a hura gawayi a sama. Mu kuma da muka tashi yi mata kayan ɗaki, jin cewa akwai wuta ya sa muka cika kicin da na lantarki: risho mai kai biyu, butar dafa ruwa, tukunyar shinkafa, firji da firiza. Ko tukunyar gas ba mu saya ba. Da hannuna a wannan shawara, ba zan ɓoye ba.

Sai ga watan Afrilun 2024. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin masu Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 na wuta a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. Daga baya aka ɗan sassauta, ya tsaya a naira 209.5 daga watan Yuli. In an ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari, naira 10,000 yunit 44 da 'yan kai take sayo wa. Layin da ya kawo maka wutar kamfani shi ne ya kawo maka farashin da ya ninka sau uku.

Bayan sallar isha'i na ce su zo mu tsaya gaban mitar mu uku. Muka kashe komai, lambar ta tsaya cak. Ashe ba mitar ba ce. Muka kunna ƙwayayen fitila duka, da ƙyar ɗan jan hasken ya ƙifta. Muka kunna hita, sai ya hau ƙiftawa kamar an koro shi. Mijin nata ya yi shiru, domin shi ne mai bin ɗakuna yana kashe fitilu yana faɗa.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 ke sha a awa guda. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci yunit ɗaya. Risho mai wat 1,500 kuwa cikin minti 40 ya gama da shi. Hita mai lita 50, kafin ta ɗauko ruwan tankin da ya kwana a sanyin hunturu ta kai shi zafin wanka, tana cin kusan yunit biyu da rabi. A gidan ana juye ta safe da yamma, kuma ba a taɓa kashe ta, saboda haka duk lokacin da ruwan ya ɗan huce sai ta sake kamawa, ko da kowa na barci. Haɗa da girki sau uku, da firiza, da dutsen guga, sai ga yunit 11 zuwa 12 a rana. A wata abin ya doshi naira 75,000, alhali mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jihar Kano naira 71,000 ne. Duk abin da ke yin zafi shi ke cinye kati. Fanka da talabijin da cajin waya, waɗanda ake ta rigima a kansu, 'yan rakiya ne.

Da dare na kasa barci don sanyi. Bangon bulo ne siriri, ga tayil a ƙasa, ga iska na shigowa ta gefen taga. Na tuna ɗakin kakarmu na ƙasa, mai kaurin bangon da yaro zai iya kwanciya a kai. Da rana ya sha zafi, da dare ya riƙa sakinsa a hankali, da asuba ɗan garwashi a kasko ya ishe ka. A bazara kuma ya riƙe sanyi.

Wani ɗan'uwanmu da ya yi karatu a Ingila ya taɓa ba ni labarin irin wannan dabara a can. A gidajen da babu gas, akwai wata hita da ake cika cikinta da tubala masu nauyi. Da dare wuta ta gasa su, da rana su riƙa ɗumama ɗakin. Dabarar kakarmu ce aka saka a akwatin ƙarfe. Amma abin da ya sa take da riba shi ne suna da tsarin da ake sayar da wutar awa bakwai na dare da araha, saboda lokacin kamfanoni sun tashi, jama'a sun kwanta. Duk da haka ya ce baƙon da bai iya saita ta ba sai ya ga takardar kuɗin da za ta sa shi zufa a tsakiyar ƙanƙara. Mu a nan mitar gida ba ta san dare ko rana ba, farashi ɗaya ne. Ajiye ruwan zafi a hita tun dare don wankan safe ba ya rage maka ko kwabo, ƙari ma yake yi.

Akwai kuma ranar da gidan da ya dogara kacokan da lantarki ke zama kango. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta yi fiye da mako guda a duhu. Ƙanwata ta ce a kwanakin nan ko ruwan shayi sai ta sauka ƙasa ta roƙi maƙwabta, naman da ke firiza kuwa rabar da shi ta yi kafin ya ɓaci.

Washegari mijin nata ya ɗauke ni a babur zuwa Challawa, inda yake aiki. Ka bi hanyar Panshekara, kafin ka ga majemun fata hancinka ya riga ya sanar da kai. A ƙaramar hukumar Kumbotso take, kusa da babbar tashar da wutar Kano ke sauka daga layin ƙasa. Ya tsaya ya nuna mini filin farantan sola mai megawat 10 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Janairun 2023. Layi-layi suke, ƙurar hunturu ta yi musu fari. Na yi ta kallonsu ina tunanin baƙar jarkar da matan ƙauyenmu ke girkewa a rana tun hantsi, kafin la'asar ruwan ya yi ɗumin wankan yara. Rana ɗaya ce ke aikin biyun.

A bakin wata masana'anta muka sha shayi. Mai shayin na dafa ruwansa da gawayi a ƙarƙashin manyan wayoyin da ke wucewa ta kansa. Nan surukin nawa ya ce, "Yaya, wallahi na ɗauki alhakinta. Ni fa nake cewa kada a kashe hitar, don ba na son jira da asuba." Na ce masa wannan magana ba ni zai gaya wa ba.

Kafin in tafi mun tsayar da abu uku. Hita minti 40 kafin wanka, sannan a kashe. Girkin wake da ganda da duk abin da ke daɗewa a wuta ya koma kan ƙaramar tukunyar gas, wadda ni na biya kuɗinta don in wanke laifina. Guga kuma a tara ta rana ɗaya. Shi kuwa ya ce zai nemi mai gidan a kan tagogin.

Bayan mako biyu ta turo mini hoton mitar ta WhatsApp. Katin naira 10,000 ya shiga kwana na bakwai, da sauran yunit uku a ciki. A ƙasan hoton ta rubuta cewa har yanzu yana bin ɗakuna yana kashe fitilu.