Kunne Ke Cinikin Sifika

Juma'a da dare

Naira 150,000 na ware, kuma mun yi da uwargida ba za a ƙara ko sisi ba. Kafin in taka kasuwa na ɗauki biro na rubuta abin da ake saurare a gidan nan. Da asuba karatun Husari ko Minshawi. Da hantsi rediyo, labarai da shirin siyasa. Da yamma ni da Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya. Uwargida da Barmani Choge idan tana aiki. Yara kuwa waƙoƙin zamani da fina-finai.

Da na duba takardar sai na ga kusan komai a cikinta murya ce. Lafiyayyen kunnen yaro yana kama sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma muryar ɗan Adam a tsakiya take zaune, kuma abin da ke sa ka rarrabe wannan harafi da wancan yana wajen girgiza 2,000 zuwa 4,000. Ke nan sifikar da nake nema ita ce wadda ta iya tsakiya. Rugugin da ke kaɗa tagogi ba shi ne buƙatar gidan nan ba. Na zuba abu huɗu a waya: sura ɗaya da muryar Husari, waƙar Shata ɗaya, ta Ɗan Maraya ɗaya, da wata ta yaran mai ganga da yawa. Da su zan gwada duk abin da aka nuna mini.

Asabar

Sabon Gari tun ƙarfe goma. Kowane shago da nasa kiɗan, kowa ya ƙure murya, har ba ka jin abin da mai shagon ke faɗa. Wani yaron shago ya ja ni ciki.

"Alhaji, ga wanda ya dace da falonka. Wat dubu biyar. Idan ka kunna, layinku duka sai sun sani."

Sifiku biyar ne ƙanana na roba da babban akwati ɗaya na bes, ga fitilu shuɗi da ja suna wulƙawa. A jikin kwalin an rubuta 5000 da manyan lambobi, a gefensu PMPO da ƙananan haruffa. Na ce ya juyo mini bayan akwatin. A ƙaramar takardar da ke liƙe kusa da wayar wuta an rubuta abin da na'urar take sha: wat 60. Na tambaye shi yadda abin da ke shan 60 zai fitar da 5,000. Ya yi dariya ya ce haka kamfani ya rubuta.

PMPO ba shi da ma'aunin da aka yarda da shi, kowane kamfani lambar da ta yi masa daɗi yake bugawa. Wanda ake iya riƙewa shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da sautin ya dagule ba. Idan ba a rubuta shi ba, takardar bayan akwati ta isa shaida.

Na ba shi wayata. Waƙar yaran ta tashi da kyau, ƙasa har motsi take. Da muka sa Husari sai muryar ta koma ta mai mura, sin da sad suka zama abu ɗaya. Dalilin a fili yake: babban akwatin yana riƙe da ƙasa, 'yan mitsitsin sifikun suna riƙe da sama, tsakiyar da ƙirjin namiji yake babu mai riƙe ta. Na yi godiya na fito. Haka na yi ta shiga shaguna har azahar, labarin bai sauya ba.

Lahadi

Shagunan Sabon Gari da yawa a rufe suke yau, don haka na zauna da lissafi. Sifikar gida ta kirki, idan aka ba ta wat ɗaya tak, tana fitar da desibel 86 zuwa 90 a nisan mita ɗaya. Masana lafiyar kunne kuwa suna gargaɗin kada mutum ya wuce awa takwas cikin ƙarar desibel 85. Wato wat ɗaya ma ba wasa ba ne. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai ka ninka sau goma kunne zai ce ƙarar ta ninku. A falo mai mita huɗu da biyar, wat 20 na gaskiya a kowane ɓangare ya ishe ni har da saura.

Na tsaya tsakiyar falon na tafa hannu. Amon ya dawo mini da tsini, don ƙasa tayil ce, bango siminti, labulen kuma shara-shara. Na rubuta kafet a cikin lissafin kuɗin.

Litinin

Bayan la'asar na je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da mahaifina ke kai wa rakodarsa tun muna yara. Shagon bai fi tabarma biyu ba, iska duk warin darma. Na faɗa masa abin da nake nema da kuɗin da ke hannuna.

"Ɗana, kashi biyu cikin uku ka zuba a sifika. Amfilifaya kowacce ta yi idan lafiyarta lau. Sifika ce bakin, ita ke magana."

Ya aiki yaronsa ya ɗauko wasu biyu daga cikin kayan Baljiyam da maƙwabcinsa ke sayarwa, tsofaffin akwatunan katako, kowanne da babbar sifika mai inci takwas da ƙarama ta siririn sauti a sama. Ya cire ragar gaba, ya koya mini dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Da farko zoben da ya kewaye bakin sifikar. Ya shafa na ɗaya da ɗan yatsa, sai ya marmashe ya bar baƙin gari a hannunsa. Na soso ne, shekaru da zafi sun cinye shi. Ya ce ana sauyawa, amma a rage kuɗin gyaran daga farashi. Na roba da na ƙyalle su suka fi jure ƙasarmu. Sannan ya buɗe yatsu biyar ya danna takardar sifikar a hankali, daidai wa daida. Ya kawo kunnena kusa. Shiru. Ya ce da na ji ƙarar gurza, to naɗin wayar da ke ciki ya ƙone ko ya karkace, kada in taya ko kyauta ce. Ya ɗora mita a kan ƙafafun bayan akwatin, allura ta tsaya wajen 6.

"An rubuta om 8, Baba."

"Haka take nunawa. Mai 8 takan ba ka 6 ko kusa da haka a mita. Idan ta ba ka sifiri ko ta ƙi motsi, gawa ce."

Ya ƙwanƙwasa gefen akwatin da gaɓar yatsa: ƙwas, a taƙaice. Ya ƙwanƙwasa wani na roba da ke kan tebur, ya yi amo kamar ganga. Akwatin da ke amo, in ji shi, nasa kiɗan yake ƙara wa waƙar. Na ƙarshe, ya kunna rediyo ya ce in manna kunne a kan ƙaramar sifikar kowane akwati, don ita ce ta fi saurin mutuwa kuma masu sayarwa sun san mutane ba sa dubawa.

Waɗannan biyun ba su ci jarrabawa ba saboda soson. Ya ce in dawo jibi.

Talata

Yau maganar amfilifaya. Akwai tsofaffin Japan masu nauyi, fuskar azurfa, kyawunsu kaɗai ya isa ya ruɗi mutum. Na juya bayan wadda ta fi burge ni, sai ga bolt 100 a rubuce. Wutar Japan ke nan, ta Amurka 120, tamu 230. Ba tare da taransifoma mai sauko da wuta ba, cusa ta a soket ɗaya ya isa ta yi hayaƙi. Ga shi kusan rabin wutar da irinsu ke sha zafi yake zama, maɓallin muryarta kuma yana ƙarar yashi saboda ƙurar da ta shige shi.

Ɗaya zaɓin wata 'yar ƙarama ce da ba ta kai tafin hannu biyu ba, irin wadda ake kira Class D, a cikinta akwai guntun TPA3116 na kamfanin Texas Instruments. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da take sha yana isa sifika, don haka ba ta zafi. Abin da ya fi ja na shi ne wutar batir take ci, bolt 12 zuwa 24. Na buga lissafi a kan sifika mai om 8: da bolt 12 za ta ba da wajen wat 9 a kowane ɓangare, da cajar kwamfuta mai bolt 19 wajen wat 20. Idan akwai wuta, caja. Idan an ɗauke, batirin solar gidan kai tsaye, ba sai an tashi janareta ya danne karatun da ake son ji ba. Ita na saya, da Bluetooth a jikinta da ramin waya.

Laraba

Baba ya samo wasu biyun, zobensu na roba, kusurwar ɗaya ta ɗan fashe. Na bi duk matakan da kaina yana kallo. Muka haɗa su da 'yar amfilifayata a ƙofar shago.

Ɗan Maraya na fara sawa. Kuntigi tsarkiya ɗaya gare shi, ba shi da inda zai ɓuya. Idan sifika ta cika tsini sai ya koma ƙarar gwangwani. A nan kuwa na ji taɓin kowane bugu da ɗan zirin amon da ke biyo shi. A waƙar Shata na kasa kunne ga kalangu, yadda sautin ke hawa idan makaɗi ya matse shi a hammata, ya sauka idan ya saki. Ana jin hawan da saukar, muryar Shata na gaba, 'yan amshi na bayanta, ba su cakuɗe ba. Husari ya zo, sin ta koma sin. Waƙar yaran ce kawai ba ta kaɗa ƙasa kamar ta Sabon Gari ba. Na yarda da wannan rashin.

Mai kayan ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka. Na nuna masa fashewar kusurwar, ya nuna mini nauyin akwatin. Baba ya sa baki: "Ku raba bambancin, magariba ta kusa." Ya sallama a kan 92,000. Na ba Baba na goro, ya ƙi, sai da na ce na yaron shago ne.

Alhamis

Yau wayar haɗa sifiku. Wadda aka fara miƙo mini mai kauri ce cikin roba mai sheƙi. Na ce a yanko ɗan guntu, na kankare silin da reza, jan ya tafi, fari ya fito: alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Na sayi wayar wuta ta gida mai jan ƙarfe zalla, mai kaurin 1.5. A tsawon mita uku ko huɗu babu abin da mai tsada za ta fi ta.

Tambarin ja da baƙi na bayan akwati ɗaya ya goge. Na taɓa batirin tocila mai bolt 1.5 a ƙafafun: inda takardar ta turo waje, ƙafar da ke kan tsinin batirin ita ce ja. Idan aka juya wa sifika ɗaya waya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, bes ya zirare, muryar ta rasa wurin tsayawa.

Uwargida ta so a sa su a kusurwoyi don kada su tare hanya. Muka gwada, muryar mai labarai ta kumbura, don kusurwa tana ƙara kaurin sauti. Muka jawo su kamar taku ɗaya daga bango, tsakaninsu mita biyu, kujerata ma mita biyu daga kowacce, ƙaramar sifikar daidai tsayin kunnen wanda ke zaune. Na ɗan karkato fuskokinsu ciki. Tsofaffin waƙoƙin nan yawanci a layi ɗaya aka ɗauke su, don haka idan an jera daidai muryar daga tsakiya take fitowa, inda babu akwati. Ƙaramar 'yata ta leƙa bayan talabijin tana neman sifika ta uku.

Juma'a

Na sa babban ɗana ya riƙa sauya mini tsakanin Bluetooth da wayar haɗi ina juya baya. A karatu da tsofaffin waƙoƙi ban iya rarrabewa ba. Inda bambanci ya fito ƙarara shi ne fayil ɗin kansa. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 mai 128 kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ke nan, kuma da yawan abin da masu tura waƙa ke zuba wa mutane a mimori bai kai haka ba, an ciro shi daga bidiyo an sake matsewa. A sifikar waya ba a ganewa. A waɗannan akwatunan kuwa tafi da kacau-kacau sai su riƙa wani shuu kamar a cikin ruwa. Mayar da irin wannan fayil zuwa 320 ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar. Mafita ita ce a nemi asali mai kyau. Kaset-kaset ɗin mahaifina suna cikin akwati; Baba mai gyaran rediyo ya ce yana da rakoda mai lafiyayyen kai da sabon bel, zai kwashe mini su a kwamfuta, ya fi in sayi tsohuwar rakodar da za ta riƙa cin zare.

Na kuma kafa wa yara doka: kada maɓallin murya ya wuce inda sauti ya fara tsagewa. Ƙaramar amfilifaya da aka ƙure ita ke ƙona ƙananan sifiku, musamman a kan batir inda wat 9 ne iyakarta.

Asabar

An shimfiɗa kafet, an rataya labule mai kauri. Na sake tafa hannu, amon ya mutu nan take, kuma mai labarai ya fito sarai ba tare da an ƙara murya ba. Lissafi: sifiku 92,000, amfilifaya da caja 27,000, waya 4,000, kafet na hannu 19,000, labulen na ɗakin baƙi ne aka ciro. Saura 8,000.

Babban ɗana ya kawo shawarar a fara tara kuɗin akwatin bes da ragowar. Na ce ya bari mu yi wata guda da abin da ke nan, idan har lokacin yana jin rashin, ya kawo rabin kuɗin daga aljihunsa. Uwargida ta karɓi dubu takwas ɗin ta ce kuɗin labulenta ne, kuma daga ƙarfe tara zuwa azahar falon na Barmani ne. Ban ja ba, na dai nemi a bar mini daga la'asar zuwa magariba.