Kunaman ruwa a ofishin ƙungiya: abin da mako shida suka koya mana

Da yawanku kun ga hoton baƙon kifin nan da muka ɗora a wannan shafi, kuma kun yi ta tambaya ko yana raye. Yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Sai dai akwai bayanin da ya kamata ku ji daga bakinmu kafin taron ƙarshen wata, domin maganar ta taɓa aljihun ƙungiya.

Wani ɗanmu mazaunin Legas ne ya kawo shi tsaraba, shi da akwatin gilashi mai cin lita 120, ya ce a ajiye a ofis don yara su riƙa kallo. Kifi ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, faɗinsa bai wuce tafin hannun babba ba, bayansa da ɗigo-ɗigo ruwan goro, ga wutsiya siririya. Muka yi godiya, muka cika akwatin da ruwan rijiyar burtsatse, muka barbaɗa masa irin abincin da ake ba tarwada a gonar kifi. A zatonmu kifi duk kifi ne.

Kwana biyar bai taɓa abincin ba. Ya lafe a ƙasan gilashi, ruwan ya soma yin hazo yana wari. A rana ta huɗu ne wani dattijonmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya yi shekaru a tashar Makurɗi kafin a dawo da shi Kafanchan, ya shigo biyan kuɗin wata. Yana leƙawa sai ya janye jikansa baya, ya ce, "Yarana, kun san abin da kuka ajiye kuwa? Wannan ai kunaman ruwa ne." Ya ce a zamaninsu masuntan Binuwai kan kama irinsa, kuma duk wanda ya taka shi a cikin yashi ba ya manta ranar. Muka ce, "Baba, ai daga Legas aka kawo shi." Ya ce ko daga ina ne, a duba wutsiyar. Muka duba, sai ga ƙaya mai tsini kwance a kanta.

Daren nan muka zauna karatu a waya. Ashe dattijo yana da gaskiya. A kogin Neja da Binuwai akwai kunaman ruwa namu na gida, wanda masana suka fara rubuta bayaninsa a 1962 daga garin Garwa na ƙasar Kamaru. Faɗinsa kan kai santimita 40, tsutsotsin ƙwarin ruwa yake ci, kuma yanzu yana cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Namu na ofis ɗan uwansa ne daga Kudancin Amurka, yankin kogin Amazon, irin wanda 'yan kasuwar kifin ado ke kira motoro. Dangin kifin shak ne, guringuntsi ne a jikinsa maimakon ƙashi, kuma haihuwa yake yi, ba ya zuba ƙwai. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wanda ke hannunmu jariri ne. Idan ya girma faɗinsa zai kusan rabin mita.

Abinci muka fara gyarawa. Bakinsa a ƙarƙashin jikinsa yake, a ƙasa yake kiwo, kuma nama yake ci. Abincin tarwada da ke yawo a saman ruwa bai ma san da shi ba. Muka sa yara suka tono tana a bayan ofis, wurin da muka tabbata ba a taɓa fesa maganin ciyawa ba, muka wanke, muka yanka ƙanana. A rana ta shida muka ga ya taso, ya rufe tanar da jikinsa kamar an kifa faifai, ya haɗiye. Ma'ajinmu har da kabbara. Daga nan muka ƙara masa ɗanyen jatan lande da aka ɓare da 'yan yankan karfasa, sau biyu a rana, safe da yamma. Busasshen jatan lande na miya ba ya yi, saboda gishiri. Duk abin da ya rage bayan 'yan mintuna sai a kwashe, don ragowar abinci ce ta ɓata mana ruwa tun farko. Mun kuma koyi gane yunwa a jikinsa: idan tsakanin idanunsa ya loɓa, ko ƙasusuwan gindin wutsiya suka fito, to abinci bai ishe shi ba. Idan kuwa gefen jikinsa ya soma naɗewa sama, ciwo ya yi nisa.

Sai ruwa, wanda ya fi abinci wahala. Kifin nan yana ci da yawa, yana kuma fitar da sinadarin amoniya da yawa, ga shi ba ya jure ƙazantar ruwa kamar tarwada. Dole injin tace ruwa da famfon iska su yi aiki dare da rana. Muna sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan sau biyu a mako. Mun kwashe tsakuwar ado masu kaifi da aka zuba, muka shimfiɗa yashi mai laushi da aka wanke sosai, domin cikinsa yana da taushi kuma yana son binne kansa ya bar idanu kawai a waje. Wanda zai yi amfani da ruwan famfo kuma sai ya kawar da kulorin tukuna. Maganin kifi mai sinadarin tagulla guba ne a gare shi.

Zafin ruwan da yake so tsakanin digiri 24 ne zuwa 28. Duk wanda ya kwana a Kafanchan cikin hunturu, lokacin da sanyi ke gangarowa daga dutsen Kagoro, ya san ruwan da ya kwana a ɗaki ba ya tsayawa a nan. Mun sayi hita, muka sa mata kariya don kada ya kwanta a kanta ya ƙone. To amma hita da injin tacewa duk wuta suke ci. A mako na uku aka ɗauke wuta kwana biyu a jere. Mu huɗu muka yi karɓa-karɓa, muna tayar da janareto, idan mai ya ƙare mu lulluɓe akwatin da bargo, muna ɗiban ruwan da kofi muna zubawa daga sama don iska ta shiga. Wajen ƙarfe uku na dare, muna zaune muna rawar sanyi, ɗayanmu ya yi tambayar da kowa ke ɓoyewa: kuɗin man nan daga wane asusu yake fita?

Amsar ita ce daga asusun ƙungiya. Wannan asusu kuwa shi ne wanda muke taimaka wa marayu da kuɗin makaranta, muke kai gudummawa idan an kwantar da ɗan ƙungiya a asibiti. Mun lissafa abin da ya tafi a mai da hita da jatan lande, mun rubuta a littafi, kowa zai gani a taro. Mu 'yan kwamiti mun amince za mu mayar da kuɗin daga aljihunmu, domin ba mu nemi izininku ba kafin mu kashe. Kuma wannan somin taɓi ne. Nan gaba kaɗan akwatin lita 120 zai yi masa kaɗan, zai buƙaci mai faɗi wanda ke cin ɗaruruwan lita, da sola da batir. Kifi ne da kan yi shekara goma ko fiye a hannun mai kula.

Ga kuma maganar yara. Ba ya kai hari haka kawai, amma idan aka tsorata shi yana bulala da wutsiya, ƙayar kuma tana da dafi. Mun sa murfi da kwaɗo, mun hana kowa sa hannu. Idan tsautsayi ya faɗa, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi daidai yadda fata za ta jure ba tare da ƙuna ba, na tsawon minti 30 zuwa 90, sannan a garzaya asibiti a duba ko guntun ƙaya ya karye a ciki, a yi allurar tetanus. Kada a tsaga, kada a ɗaure.

Wasu sun ba da shawarar a kai shi Matsirga a saka a kogi a huta. Ba za mu yi haka ba. Ko dai sanyi ya kashe shi, ko ya rayu ya zama haɗari ga masu wanka da wanki. A ƙasar Singafo irin wannan kifi ya riga ya yaɗu a wata madatsar ruwa, kuma ana danganta hakan da masu kiwo da suka gaji suka saki nasu. Kogunan yankinmu duk Neja da Binuwai suke gangarawa, gidan kunaman ruwanmu na asali da ke fama da kansa.

Malamai sun sha ba mu labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Tun ranar da muka karɓi akwatin nan amana ta hau kanmu, ko mun sani ko ba mu sani ba. Kuskurenmu shi ne mun karɓa kafin mu tambayi me yake ci, nawa zai girma, wa zai tashi da dare saboda shi.

Shawarar da za mu kawo muku ita ce a mayar da shi hannun mai kiwon irinsa wanda ke da babban tanki da tsayayyiyar wuta. Ɗanmu na Legas ya fahimta, bai ji haushi ba, kuma yana neman wanda ya dace. Akwatin kuma a zuba ƙananan kifaye masu sauƙin riƙo, yara su ci gaba da kallo. Kafin nan muna ci gaba da tonon tana safe da yamma. Duk mai son ganinsa ya zo bayan la'asar, lokacin ne yake fitowa daga yashi. A riƙe hannun yara. Allah Ya ba mu ikon sauke amana, amin.

Daga Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.