Ɗakunan Tsaro na Titin Bow

A unguwar Covent Garden da ke birnin Landan, daura da gidan wasan Royal Opera House, akwai wani gini da dokar Ingila ta sanya cikin gine-ginen tarihi, ta hana a rushe shi ko a sauya masa kama sai da izini. Shi ne tsohon ofishin 'yan sanda da kotun majistare na Titin Bow, wanda aka kammala a 1881.

Ta hanyar adabi na san shi, lokacin da nake karatun digiri. Henry Fielding, mawallafin Tom Jones, alƙali ne a wannan titi, a wani gida da ya girmi ginin. A 1749 ya tara mutum shida masu farautar ɓarayi, waɗanda ake ɗauka a matsayin tushen aikin ɗan sanda a Landan. A 1895 kuma aka kawo Oscar Wilde sabon ginin, ya kwana a ɗakin tsaro kafin a gurfanar da shi. Abin ya tsaya mini a rai: marubuci ne ya kafa harsashin aikin, marubuci kuma aka kulle a ciki. Nan aka gurfanar da Emmeline Pankhurst a 1908, saboda fafutukar nema wa mata 'yancin jefa ƙuri'a.

An rufe ofishin a 1992, kotun ta bi baya a 2006. A 2021 ginin ya koma otal na masu hannu da shuni, aka ware wasu ɗakunan tsaron suka zama gidan tarihi. Zauren da ake yanke hukunci a da, yau a cikinsa ake liyafa.

Na yi murna da ba a rushe shi ba. Abin da ke damuna shi ne sunayen da ake tallata ginin da su ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Mafi yawan waɗanda suka kwana a ɗakunan nan talakawa ne: mashaya, mabarata, matan titi, yaran da suka yanki aljihu. Su ne suka cika rajistar ofishin fiye da shekara ɗari, kuma ba wanda yake zuwa Titin Bow domin su. Doka ta kare duwatsun ginin, amma labarin waɗannan mutane sai an samu mai buɗe rajistar ya rubuta shi. Ina ganin wannan aiki a wuyanmu yake, mu ɗaliban adabi.